Gam ɗin Gidan su Auta

Ɓatan hanya Auta ta yi ranar. Ɗakin ɗibar jini take nema a babban asibiti, ta tura wata ƙofa, sai ga saurayi cikin farar riga ya duƙufa a kan ƙwan kaza, ya yanka masa 'yar taga da almakashi.

"Malam, nan kicin ne?"

"Bincike ne," ya ce, bai ɗago ba. Da ya ɗago ya gan ta kuwa, ƙwan nan sai da ya bushe a hannunsa.

Ita tela ce, ta rufe shago tana jinyar yayarta. Sankarar tumbi ce, irin wadda ta ɗauke mahaifiyarsu. In zaman benci ya ishe ta sai ta leƙo, ya ba ta kujera, ya nuna mata ɗan tayin kaza a madubin likita.

"Ƙwayoyin jiki, wani gam ne ke riƙe su da juna," in ji shi. "Akwai ƙwayar gado mai ba da umarnin yin gam ɗin. A cikin ƙwai wasu kan saki 'yan'uwansu su tafi su gina fuska. A jikin babba in suka saki, sankara ce ta fara yawo."

"To Mai Ƙwai, namu gam ɗin ruwa aka sirka masa ke nan."

Bai yi dariya ba. Ita ma tata iyakarta leɓe.

Bayan rasuwar yayar ya ce aure yake so. Ta ce to, murya a dushe.

Sai dai yaran nan masu karatu, ba su san inda ake yin shiru ba. Mamansa ta tambaye shi me ya kashe uwar yarinyar, maimakon ya ce kwana ne ya ƙare, sai ya ɗauko biro ya zana mata komai, wai don hankalinta ya kwanta. Ta saurare shi tsaf, ta ce, "Wato gado ne. Ban yarda ba."

Shi da bakinsa ya gaya wa Auta. Ta tura masa saƙo:

"Mai Ƙwai, na ba ka labarin gidanmu ne don ina son ka, ba don ka yi darasi da shi ba. Na gaji. Ka bi maganar Mama."

Ya amsa: "Autata, bakina ne ya yi laifi. Ki ɗauki waya, ko zagi ne ki yi mini."

Ba ta ɗauka ba. Ta je asibiti ita kaɗai aka gwada ta, a ga ko ta gaji ciwon.

Tana kan keken ɗinki wata rana sai ga Mama a ƙofar shago, fuska a murtuke.

"Zuwa na yi ki rabu mini da ɗa."

"Ai na rabu da shi, Mama. Ku zauna, kun sha rana. Gwaji ma ya nuna na gada. Likita ya ce a cire tumbin tun ciwon bai taso ba."

"A cire? Da me za ki ci abinci?"

"Kaɗan-kaɗan, kamar tsuntsu."

"'Ya'yan da za ki haifa fa?"

"Wani ya gada, wani ya tsira. In sun girma a gwada su."

Mama ta dubi ƙyallayen da ke ƙasa.

"Wa zai yi jinyarki?"

"Ni na yi ta kowa, Mama. Babu wanda ya rage."

Mama ta fita ko sallama babu.

Da Auta ta farfaɗo bayan aikin cire tumbin, bokiti da fulas ta fara gani, sannan Mama a kan tabarma tana yi wa nas faɗa. Mai Ƙwai na raɓe a bakin ƙofa, ya rame kamar shi aka yanka.

"Kai, shigo, ka tsaya kamar sanda," in ji Mama. "Maganar aure ce. Ka je ka gaya wa baffanka su shirya. Kuma saura ka zana masa wani abu."

Da Auta ta yi ƙwari aka ɗaura aure. Amarya loma uku ta yi ta ture kwano, Mama ta harari masu kallo har suka kau da kai. Ta kama hannun amarya da na ango ta haɗa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Abin da ya ba ku na zuri'a, ya ba mu ƙarfin riƙewa."

Auta ta ce amin, ta jingina kai a kafaɗar Mama, barci ya ɗauke ta ana tsakar hayaniya.