Hoton da Mannir Bai Duba Ba

Tun da Suwaiba ta shigo falon Hajiya Binta a unguwar Damba ta Gusau ba a ce mata ga kujera ba, ita ma ba ta nema ba. Shekara goma sha shida ke nan tana auren Mannir, ƙanen Hajiyar, kuma duk zuwan da za ta yi daga Tsafe wurin zamanta ɗaya ne: bakin ƙofa, kusa da takalma. Laifinta bai wuce ɗaya ba. Mannir direban motar haya ne, ya gan ta tana sayar da fura a tashar Tsafe, ya ce in ba 'yar 'Yandoton nan ba sai dai ya mutu gwauro. Hajiya, wadda ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ba ta taɓa yafe wannan zaɓin ba.

Wata budurwa ta shigo da ruwa a faranti, ta durƙusa. Asiya ce, 'yar farin Suwaiba, wadda Hajiya ta ɗauka riƙo ranar da aka yaye ta. Suwaiba ta kawar da kai kamar yadda ta saba. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta taɓa tambayar ta ci ko ba ta ci ba. Haka aka tarbiyyantar da ita, uwa mai kunya ba ta shiga sha'anin 'yar fari. In ta kama dole sai ta ce "ɗiyar Hajiya".

"Kawu," in ji Asiya, don haka take kiran mahaifinta, "sakamako ya fito. Na ci jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta gwamnati, ta kwana, wadda ke wajen Bungudu. Ni ce ta uku a cibiyarmu. Ranar Alhamis ta sama za a rufe rijista."

Daɗi ya kama Suwaiba, amma fuskarta ko gezau. Hajiya kuwa ta taɓe baki har sai da ɗan kunnenta ya motsa.

"Ji shashasha. Makarantar gwamnati ce abin zuwa a yi shela? Yara ɗari aji guda, a ba su wake da tsakuwa, su dawo da ƙwarƙwata. Ga Hafsat ɗina can firamare har sakandare duk ta kuɗi, Turanci kamar ruwa. Ita wannan da na bari tana zuwa ta jeka-ka-dawo ai don kada a ce na hana ta ne."

"Mama, ba a biyan kuɗin karatu fa," in ji Asiya a hankali. "Yunifom ne kawai da katifa da bokiti, sai ɗan kuɗin ƙungiyar iyaye. Akwai ɗakin gwaji, ana koyar da ilimin halittu da sinadarai. In na dage zan iya zama nas."

"Nas! To wa zai zauna min shago? Tashi ki ba ni wuri."

Asiya ta fita idonta ya ciko. Mannir ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Namiji ne a tasha, yana iya tsayar da 'yan kamasho uku da tsawa guda, amma a gaban Yayarsa sai ka rantse yaron da ya fasa tulu ne.

Da suka tashi tafiya, Hajiya ta miƙa masa wata farar ambulan a liƙe.

"Ga hotuna nan. Ka je sakatariyarku ta Tsafe ka karɓo mata takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ka sa hannu. Ba don zuwa za ta yi ba, a dai ajiye."

Abin ya tsaya wa Suwaiba a rai tun daga Gusau har gida. Mutumin da ya gama zage makaranta tas, me zai yi da takardar shiga cikinta? Ta bari sai da Mannir ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ta ɗan taɓo zancen.

"Malam, wagga takarda da Yaya ta ce a yi, ba ka ga kamar akwai wani abu ba?"

"Wane abu? Ke da ɗiyar fari, mi ya haɗa ki da zancenta? Ko kunyar ta ƙare?"

Ta kwashe kwanonin tuwon ta fita. Ya san inda zai taɓa ta yi shiru, kullum nan yake taɓawa. Washegari ya kai ambulan sakatariya, ya miƙa wa magatakarda ba tare da ya buɗe ba, don ina shi ina tsayawa kallon hoton 'yar fari a gaban mutane? Aka cika, ya sa hannu yana kallon bango, aka ninke takardar aka mayar cikin ambulan, ya kai wa Hajiya kamar yadda aka ba shi.

Ranar Laraba da hantsi, Suwaiba na tankaɗe, wayarta ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryar Asiya ce.

"Anti Suwaiba, wayar maƙwabciyar shago na ara. Takardar ɗaukata a makarantar ba ta cikin akwatina. Kuma jiya tela ya kawo yunifom ɗin makarantar, amma awon Hafsat ne. Ashe ita ma ta zauna jarrabawar a ɓoye, ba ta ci ba. Makarantarsu ta ƙara kuɗi, Mama ta ce ba za ta iya ba. Na ji tana koya mata cewa gobe in an kira Asiya Mannir ta amsa."

Suwaiba ta ajiye rariya. Ashe makarantar wake da tsakuwar ce Hajiya take kwana tana tashi da ita a rai. Duk yatsinar nan da taɓe bakin nan, ashe kwaɗayi ne aka lulluɓe da mayafi mai tsada. Wallahi a lokacin Suwaiba ta ji matar ta zube a idonta warwas, tsoron shekara goma sha shida ya koma raini.

Da Mannir ya dawo la'asar ta gaya masa komai. Ya tashi tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Yaya za ki kira ɓarauniya? Matar da ta sai da awarwaronta ta sai man motar farko? Ƙaryar yara ce."

"In ƙarya ce mu je mu gani. Gobe za a rufe."

"Suwaiba, in kika taka ƙafa kika je kika kunyata Yaya, kada ki dawo gidan nan. Ki wuce 'Yandoto."

Hawaye suka zubo mata. Tana son mutumin nan, Allah ya sani, da shi ta ci gari da ƙuli a ɗakin haya ba ta taɓa kai ƙara gida ba. Amma ta ce, "Na ji."

Da safe ta saka hijabinta ta nufi tasha. Ikon Allah, motar da ke kan layin lodi zuwa Gusau tasa ce. Ta miƙa wa ɗan kamasho kuɗinta kamar kowa, ta shiga baya ta zauna tsakanin wata mai kaji da wani tsoho. Mannir ya gan ta a madubi, ya haɗe rai, ya tada mota sai Gusau. Da fasinjoji suka sauka ta sauka, ta shiga kasuwa, ta iske Asiya ita kaɗai a shagon atamfa, idanu sun kumbura.

"Rufe shagon ki taso," ta ce.

Suna fitowa bakin titi sai ga motar Mannir a tsaye, babu fasinja ko ɗaya. Ya ce ba tare da ya kalle su ba, "Ku shiga. Zan je ne don ki ga ƙaryarki da idonki."

Harabar makarantar cike take da iyaye, kowa da katifa a naɗe da bokiti. Ga manoma daga ƙauyuka da takardu a leda, ga 'yan kasuwa, ana layi gaban ofishin rijista. A gaban layin kuwa, wa za su gani? Hajiya Binta, cikin leshi da gilashi, ta toshe hanci da gefen mayafi kamar ta shigo mahauta, ga Hafsat a gefenta cikin sabon yunifom tana kallon ƙasa.

Jami'ar rijistar, wata dattijuwa mai suna Malama Lami, ta ɗaga takarda ta kira, "Asiya Mannir Tsafe."

"Ga ta," in ji Hajiya, tana tura Hafsat gaba.

"Na'am," in ji wata murya daga ƙofa.

Malama Lami ta sauke tabarau ta dubi 'yan matan biyu. Hajiya ta waiwayo ta gan su, amma nan da nan ta dake.

"Malama, kada ki kula su. 'Yar aikina ce, da wata baƙauya da ke zuga ta. Ga takardar ɗauka, ga ta ƙaramar hukuma da hoto da hatimi. Wannan matar ma ki tambaye ta sunan yarinyar, ki ji ko za ta iya faɗa."

Hajiya ta san abin da take yi. Ta san bakin Suwaiba bai taɓa furta sunan nan ba, balle a gaban taron maza. Mutane suka zuba ido. Suwaiba ta ji kunya ta rufe ta kamar an tuɓe mata zane a kasuwa. Sai ta dubi yarinyar da ke gefenta, siririya, hannuwa duk kanta saboda wanki, ta ga shekarun da ta yi tana kawar da kai.

"Sunanta Asiya," ta ce, yadda kowa zai ji. "Ɗiyata ce. Ni na haife ta ranar Talata a 'Yandoto, da damina. Ita ta zauna jarrabawa, ita ta ci. Waccan Hafsat ce, ɗiyar Hajiya da mijinta Alhaji Lukuman."

Malama Lami ta ce, "Ina uban da ya sa hannu a wannan takardar?"

Mannir ya matso kamar mai ciwon ƙafa. Hajiya ta kafe shi da ido. "Mannir, gaya musu. Ka dai san wadda ta goya ka."

Malama ta juyo da takardar gabansa. A karon farko ya dube ta. Ga sunansa, ga sa hannunsa, ga sunan 'yarsa, a sama kuma hoton Hafsat da hatimi a kai. Da hannunsa ya ɗauki makomar 'yarsa ya kai aka buga wa wata, yana kallon bango yana ganin ya cika mai kara.

"Yaya," ya ce, hawaye na bin gemunsa, "kin goya ni, har in mutu ba ni mance wannan. Amma wannan hoton ba na ɗiyata ba ne. Ga ɗiyata nan tsaye wajen uwarta."

Hafsat ta fashe da kuka. "Ni dama na ce ba na so, Mama. Ko tambaya guda aka yi min a aji asirina zai tonu."

Malama Lami ta tattara takardun, ta dubi Hajiya sama da ƙasa, kallon da ita Hajiyar ta saba yi wa mutane.

"Hajiya, sauke mayafin daga hancinki, ba wari muke ba. Makarantar talakawa ce, gaskiya ne, tagoginmu ma wasu ba gilashi. Amma kujerarmu da ƙwaƙwalwa ake samunta. Don darajar yarinyar nan da ta faɗi gaskiya ba zan kai zancen gaba ba. Ta sake zauna jarrabawar baɗi da sunanta." Ta juya ga Mannir. "Na rubuta Asiya. Ka kawo min sabuwar takarda ranar Litinin. Wannan karon ka buɗe ido ka dubi hoton."

Hajiya ta ja Hafsat suka fita, layin manoman nan da ta toshe wa hanci ya dare ya ba ta hanya, babu wanda ya ce mata kanzil. Shirun ya fi zagi ciwo.

Ranar Litinin Mannir bai yi lodi ba. Shi ya ɗauki katifar a ka har ƙofar ɗakin kwana, sabuwar takarda na aljihunsa, ya kalli hoton ya fi sau goma a hanya. Da za su rabu Asiya ta durƙusa, ta buɗe baki za ta ce Anti, sai ta tsaya.

"Inna," ta ce, "sai kun zo ranar ziyara."

"Allah ya yi miki albarka, Asiya. Ki yi karatu."

A bakin mota Suwaiba ta nufi ƙofar baya. Mannir ya riga ta, ya buɗe ta gaba.

"Ko 'Yandoton za ka kai ni?" ta tambaya, ba ta kalle shi ba.

"Ki yafe min, Suwaiba. Shekara goma sha shida kina zaune wajen takalma ina kallo. Ba za a ƙara ba."

Ba su yanke zumunci da Hajiya ba. Da sallah sun je gaisuwa, kuma ranar Mannir da kansa ya jawo wa matarsa kujera. Kunya ado ce, kara kuma tarbiyya ce, babu mai musun wannan. Amma duk karar da za ta sa uba ya sa hannu ba tare da ya duba ba, ta sa uwa ta ga ana cutar 'yarta ta kawar da kai, ta tashi daga tarbiyya ta zama sakaci, kuma Allah zai tambaya. Suwaiba ta yi haƙuri inda haƙuri ya kamata, ta buɗe baki ranar da shiru zai zama zalunci, sai Allah ya bar mata mijinta ya kuma dawo mata da 'yarta.