Hannun Aro

"Kar ka sake kawo mini sunan uwarka a ɗakin nan, Ebimo!"

"Tokoni, masoyiyata, ki saurare ni..."

"Na ji! Ita ce gwanar tausa a duk bakin kogin nan. To ina ɗana na fari? Yana ina?"

Yaron yana bayan coci, a ƙarƙashin ƙasa. Bara waccan Mama, uwar Ebimo, ta ce ya kwanta a gicciye a cikin Tokoni, ta sa hannu ta juya shi kamar yadda ta saba yi wa matan garin. Da ya tashi zuwa, ya zo ba rai. Ko hannun ne, ko ba shi ba ne, babu wanda ya sani. Tokoni dai ta yanke hukuncinta. Mama kuma tun daga ranar ba ta ƙara taɓa mai ciki ba.

Yanzu ga wani cikin, wata takwas, barci kuma ya ƙaurace wa Tokoni. Ta kwanta, ƙugu ya riƙe. Ta zauna, ƙafa ta kumbura. Idanunta sun faɗa, har magana take ita kaɗai. Jiya nas ta ja Ebimo gefe.

"Jininta yana hawa. Ta sha maganinta, ta kwanta ta gefen hagu, ta samu barci. In ba haka ba, ni dai ina jin tsoro."

Ya sayo sabuwar katifa a birnin Yenagoa. Ya dafa mata faten agada da kifi. Ya yi mata fifita har hannunsa ya sage. Duk a banza.

Da safen nan ko ragar kamun kifinsa bai ɗauka ba. Ya tura kwalekwale ya haye zuwa gidan Mama. Ya same ta tana bandar kifi, hayaƙi ya rufe ta.

"Mama, za ta mutu mini!"

"Ta ce in zo?"

"A'a."

"To koma. Ba na taɓa jikin da bai kira ni ba."

Ya durƙusa a cikin toka, ƙato da shi, yana kuka.

"Ki koya mini. Ki ara mini hannunki, Mama."

Ta dubi tafukansa ta yi tsaki.

"Da waɗannan? Kamar bayan kada! Ai sai ka saɓule mata fata. Tashi ka kwanta a tabarmar can. Ta hagu, sakarai! Sa matashi tsakanin gwiwoyinka. Yau kai ne mai cikin."

Ta ɗumama man alayyadi a tafinta, ta bi gadon bayansa a hankali zuwa ƙugu, ta sauka ƙafafu.

"Saki jikinki, 'yata," ta ce, don bakinta ya saba. "Haka... saki."

Sannan ta kwanta ta ce ya gwada a kanta.

"Kai! Mace ce, ba kwalekwale kake turawa ba! Rage ƙarfi. Kuma ka ji ni da kyau." Ta tsayar da hannunsa. "Cikin nan, ko da wasa kar ka danna shi."

Da la'asar ruwa ya tsuge. Ya koma gida ya tarar Tokoni tana jingine da bango tana hawaye ba sauti.

"Zo in matsa miki baya, abar ƙaunata."

"Kai? Yaushe ka iya?"

"Ki dai kwanta."

Ba ta da ƙarfin musu. Ya kwantar da ita ta hagu, ya sa matashi tsakanin gwiwoyinta, ya ɗumama man. Yana bin komai daki-daki kamar yadda aka nuna masa, yana tsoron ya tsallake ko ɗaya. Ya ji kafaɗarta ta fara sauka. Sai bakinsa ya ce:

"Saki jikinki, 'yata."

Jikinta ya sandare.

"Me ka ce?"

"Na ce... na ce..."

"Ni ce 'yarka? Ebimo, wurinta ka je!"

"Na je! Na je, Tokoni! In zauna ina kallo ki mutu? Na binne ɗaya, ba zan binne biyu ba!"

Ta fashe da kuka, shi ma haka. Ruwa yana ta dukan kwano. Can ta share fuska da zani.

"Kuma ba ka iya ba. Babban yatsanka kamar turmi. Ita ba haka take yi ba."

Sannan ta ce, "Tana gida?"

"Ta biyo ni. Tana bakin ruwa, cikin kwalekwale. Ta ce ba za ta koma ba sai na zo na ce mata kin yi barci."

"A ruwan nan? Tsohuwa? Kai wane irin ɗa ne? Je ka ce ina kiranta!"

Mama ta shigo sharkaf, ta tsaya a bakin ƙofa tana rawar ɗari.

"Tokoni..."

"Ban yafe ba tukuna, Mama. Ban sani ba ko zan iya. Amma na gaji... Bayana kawai."

"Bayanki kawai, 'yata."

Ta zauna a bayanta. Tokoni ta miƙa hannu ta damƙe wuyan hannun Mama na dama, wanda ya fi kusa da cikin, ta riƙe shi gam. Mama ta yi aikin da hagu.

Ebimo yana tsugune yana kallo. Numfashin matarsa ya yi tsawo, bakinta ya ɗan buɗe. Sai ga minshari, mai ƙarfi, mara kunya. Bai taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba.

Ya matso ya yi raɗa.

"Mama, kayanki a jiƙe suke. Bari in zare miki hannun."

Ta harare shi, hawaye na bin kuncinta.

"Ka taɓa ta ka gani. Ita ta riƙe, ita za ta saki."