Sandar da Saje Dominic Ya Kafa a Tsohuwar Rijiya

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Rana ta faɗa bayan duwatsun Zuru, awaki sun dawo da kansu, Theresa tana gaban murhu tana tuƙa tuwon dawa. Mijinta kuwa, Saje Dominic, yana inda kowa ya san za a same shi in magariba ta kawo kai, wato kan kujerar katako gaban talabijin, hannuwa bisa gwiwa kamar mai jiran umarni.

Tsohon soja ne, shekara ashirin da biyu ya yi a sashen sadarwa kafin ya ajiye kaki. Ba labarai yake kallo ba, ba ƙwallo ba. Kaset ɗin bidiyo ne guda ɗaya tak, na ranar da ɗansa Abel ya gama horon soja, wanda wani mai ɗaukar hoton biki ya ɗauka musu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Abel ya rasu a bakin daga shekara uku ke nan, kuma ba a kawo gawarsa gida ba. Abin da ya rage wa uban minti tara ne na hoto mai motsi, shi ma hoton ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wasu layuka masu duhu ke tasowa daga ƙasan gilashin suna hawa a hankali, sai sun zo daidai fuskar yaron su shafe ta.

Wannan ya ci wa Saje tuwo a ƙwarya. Mutumin da ya haɗa waya a daji cikin ruwan sama, a ce talabijin mai ƙusumbi ta gagare shi a ɗakinsa? Ya fara da wayar nan mai kai uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Ya gano siririya ce ta banza, ya tafi kasuwa ya sa mai shago ya yanka masa bakin wata ya gani da idonsa cewa an saƙa mata rigar jan ƙarfe a ciki, sannan ya saya, gajera mai kauri. Ya raba ta da wayar wuta don kada su goga juna. Ya goge kan injin bidiyon da auduga da sifirit. Ya lura layukan sun fi yawa in maƙwabta sun tayar da injin markaɗe, har ya je ya yi musu magana, suka ba shi haƙuri suka ci gaba da markaɗensu. Sautin ma wani ƙugi yake yi kamar zuma ta shiga tulu, sai ya zare jar da farar ya rataye su a ƙusa, ya ce bari ya gama da hoto tukuna. A nan suka yi shekara biyu, yana kallon ɗansa shiru.

Daga ƙarshe ya yanke cewa wuta ce ke yawo a jikin injin ba ta da mafita, sai an ba ta hanya ta shige ƙasa. Ya sayo sandar jan ƙarfe mai tsawon mutum. To, ƙasar gidan dutse ce, kuma sanda irin wannan danshi take so. Wuri ɗaya ne ke da danshi rani da damina: gurbin wata tsohuwar rijiya a bayan ɗaki, wadda aka cike tun kafin mahaifinsa ya sayi filin.

"Baban Abel, ko kaji ba su tono a wurin nan," in ji Theresa.

"Kaji ba su yi kwas ɗin sadarwa ba," ya ce, ya ɗauki guduma.

Ya kafa sandar, ya zuba mata gawayi da gishiri, ya ja waya daga jikinta zuwa bayan injin. Don kada wurin ya bushe, ya ɗora wa 'yarsu Larai aikin zuba bokitin ruwan gishiri a gindin sandar kullum da yamma. Larai ita ce autarsu, shekararta goma sha tara, tana koyon ɗinki a bakin tasha. Yarinya ce marar hayaniya, in ta kawo wa uban abinci sai ya miƙo hannu ya karɓa ba tare da ya juyo ba.

Hoton ya fito tas. Ranar Saje ya ga ɗan tabon da ke girar Abel, na faɗowa daga mangwaro, ya ga yadda kunnensa na hagu ya fi ɗayan miƙewa. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka kawo masa labarin rasuwar, kuma ya ji daɗin kukan.

Kwana shida ke nan da kafa sandar a yammacin da muke magana. Larai ta ɗauki bokiti ta zaga baya. Can sai ga dutse ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya tsaya. Na biyu ya biyo. Saje ya fito yana faɗa, yana cewa 'ya'yan unguwa sun rasa tarbiyya, amma babu kowa a lungun, kuma da ya ɗauki dutsen sai ya ji shi jiƙe, da sanyi, yana warin tsohon ruwa. An yi wata biyar rabon gari da ruwan sama.

Larai ta dawo ba bokiti. Ta zauna a dokin ƙofa ta zuba wa uban ido. Tuwon ma ba ta taɓa ba.

Daga nan gidan bai sake zama lafiya ba. Da rana ƙalau, Larai ta yi wanke-wanke ta yi shara, sai dai ta daina zuwa ɗinki, kuma duk abin da aka sa wa gishiri ba ya wuce maƙoshinta. Amma da zarar inuwa ta rufe tsakar gida sai duwatsu su fara, uku, huɗu, su dakata kamar ana sauraro, su ci gaba. Ana jin kamar wata tana tari a bayan ɗaki. Larai ta kan tashi ta kama zagaye tsakar gida, tana ɗingisa ƙafar dama, tana dafe da kafaɗa kamar an soke ta. Theresa tana bin ta da zane, ta zauna, ta miƙe, ta leƙa waje, ta dawo. Fasto ya zo da dattawan coci suka yi addu'a, aka sami sauƙi kwana biyu, a na uku duwatsun suka dawo. Duk wannan bai hana Saje kunna kaset ɗinsa ba. Tsoro yana ji, gaskiya ne, amma ya fi tsoron ranar da zai kunna ya ga layukan nan sun dawo.

Da Larai ta kwana huɗu ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa, Theresa ta yafa gyale ta tafi wajen yayanta, Malam Nasiruddeen, wanda uwarsu ɗaya, shi ya musulunta tun yana saurayi ya yi karatu mai zurfi. Ya iso bayan la'asar, rana ta yi ja, da Alƙur'ani a jaka da 'yar butarsa. Ya gaisa da surukinsa a tsanake, ya zaga bayan ɗaki shi kaɗai, ya daɗe yana kallon sandar da farin gishirin da ya bushe a gindinta. Da ya dawo ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin talabijin aka zaunar da Larai.

Ya fara karatu ƙasa-ƙasa kusa da kunnenta. Dutse ya faɗo kan kwano. Bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, yatsunta suka ƙanƙame bakin tabarma, sannan ta ɗago kai, sai murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa, a dushe, kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

"Ya isa haka nan, Malam. Kana ƙona ni."

"Wa ke magana?"

"Mai wurin. Tun ba a aza harsashin ɗakin ga ba nike cikin rijiyag ga. Anka cike ta ban ce komi ba. Anka yi haihuwa, anka yi mutuwa bisa kaina, ban taɓa kowa ba. Sai wanga ya zo ya kafa min ƙarhe ga kafaɗa, kullum kuma a kwaro min ruwan gishiri bisa ciwon."

"An zalunce ki, na ji," in ji Malam. "Amma yarinya aikenta anka yi. Mi ta yi maki?"

"Ita kaɗai ka cewa sannu in za ta zuba. Na dube ta, na ga ba mai so nata gidan ga. Na ce bari in ɗauka, ni ina so."

Theresa ta toshe bakinta da gyale. Saje ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji.

"Tana da masu ita," Malam ya ce. "Faɗi abin da za a yi ki fita, ki rantse ba ki dawowa."

"A cire ƙarhen kahin rana ta gama faɗuwa. Kada a sake kafa wani cikin ƙasar gidan ga."

Nan Saje ya sa baki. Ya matso da gwiwoyinsa, tsohon soja guda, yana roƙo.

"Baiwar Allah, a ba ni kwana uku. In samo mai juye hoton nan a wani abu yana nan tas. In na cire yau, fuskar yarona ta tafi."

Kan Larai ya juyo wajensa a hankali. Idanun nata ne, kallon ba nata ba ne.

"Ta wayarka nike ganin abin da kake gani, ni ma na kalla. Sau nawa ka kalle shi?"

"Ya fi dubu."

"To ga tambaya. In ka amsa, kwana uku naka ne. Wa ke tsaye gefen ɗanka sanye da hularsa?"

Saje ya rufe ido. Ya ga tabon gira, ya ga kunnen, ya ga maɓallan kaki guda biyar, na ukun ya ɗan karkace. Ya san daƙiƙar da Abel ke lasar leɓe. A gefensa kuwa akwai wani abu rawaya, gajere, yana motsi. Ya nema, ya sake nema. Hasken taga yana ja baya.

"Ban sani ba," ya ce.

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

Ya miƙe ya fita. Sandar da ya kafa da guduma ta ƙi fitowa da hannu, ya durƙusa ya tona gindinta da yatsu, gishiri yana cin tsagar fatarsa, ya jijjiga ta gaba da baya har kafaɗunsa suka yi ƙara. Da ta fito, tsininta baƙi ƙirin ne, yana ɗigar ruwa mai sanyi. Ya tsinke wayar, ya mai da ƙasa ramin, ya ce, "A yi haƙuri," kamar yadda ake faɗa wa maƙwabci.

A ɗaki ya tarar Malam yana karɓar rantsuwa. Muryar ta maimaita bayansa sau uku, ta ce ta yatsan ƙafa za ta fita. Ƙafar Larai ta dama ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, can ta buɗe ido ta ce yunwa take ji. Kwanon gidan ya yi shiru. Malam ya ɗauki butarsa ya fita tsakar gida ya yi alwala, don an fara kiran magariba.

Washegari da yamma Saje ya zauna kan kujerarsa, ya daɗe kafin ya kunna. Layukan sun dawo, har sun fi da, suna hawa suna shafe komai. Ya san ba zai sake ganin tabon nan ba, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Yana nan zaune idonsa ya faɗa kan wayoyin nan biyu da ke rataye a ƙusa, ja da fara, sun yi ƙura. Ya goge bakinsu da gefen riga, ya soka kowace a raminta.

Ƙugi ya cika ɗakin. A ƙarƙashinsa akwai badujala, da hayaniyar taro, da dariyar Abel. Sannan wata siririyar murya ta yarinya 'yar shekara takwas, kusa da mai ɗaukar hoton, tana ta maimaitawa ba ta gajiya.

"Baba, ka ga na sa hular Yaya. Baba, dube ni. Baba."

Ya ji motsi a bayansa. Larai ce a bakin ƙofa da kwanon tuwo, ta rame, tana jira ya miƙo hannu kamar kullum. Saje ya kashe talabijin, ya juya kujerar gaba ɗaya ta fuskance ta.

"Ajiye nan, ki ɗauko naki," ya ce. "Rawayar rigar nan ta cikin hoton, wa ya ɗinka miki ita?"

Ta tsaya tana kallonsa, kwanon na hannunta.

"Kai ka sayo min ita, Baba."