Sifikokin Alhaji Abdulbaƙi

Insifekta Bilyamin Yaji yana shan shayin safe a ofis sai ya ji hayaniya a bakin kanta. Ya leƙo, ya ga wani dattijo jibgege ya riƙe hannun rigar wani siririn mutum mai tabarau, ya ƙi saki.

"Yallaɓai, ga ɓarawo na kawo maka da kaina!"

Dattijon Alhaji Abdulbaƙi ne, dillalin shanu a kasuwar Potiskum, mutumin da kowa ya sani da son kiɗan goge. Mai tabarau kuwa Almustapha ne, mai shagon kayan sauti masu tsada a bakin titi.

"Sake shi, Alhaji. Me ya sata?"

"Murya ya sace! Na je shagonsa, ya zaunar da ni a kujera mai laushi, ya ba ni shayi, ya ce in rufe ido. Da ya kunna, wallahi na ɗauka mai gogen yana gabana, har numfashinsa ina ji. Na saya. Aka kai gida, na tara abokaina, na kunna. Yallaɓai, ka taɓa jin akuya ta maƙale a shinge?"

Kofur da ke kanta ya ƙunshe dariya.

Almustapha ya gyara tabarau. "Abin da ya ji shi na ba shi. Yanzu duk kasuwa ana cewa ni macuci ne. Idan wannan magana ta zauna, shagona ya mutu."

Insifekta ya ɗauki hularsa. "Mu je mu ji akuyar."

A falon Alhaji da ke unguwar Dogo Nini, akwatunan sifika biyu na tsaye, katakonsu na sheƙi. Aka kunna. Insifekta bai san kan kayan sauti ba, amma sai da ya yamutse fuska.

Ya durƙusa ya duba. Kawunan kusoshin akwatunan duk sun gurje, alamar an taɓa kwance su. Ya sa Almustapha ya buɗe. Mutumin yana ganin sifikokin da ke ciki ya dafe kai.

"Waɗannan ba nawa ba ne! Nawa fuskarsu ruwan ɗorawa ce."

Insifekta ya ɗago ɗaya. Tsohuwa ce, ta sha wuya, ga wani jan tabo ya bushe a gefenta. Ya shinshina.

"Zoɓo. Malam Almustapha, ana shan zoɓo a shagonka?"

"Ko ruwa ba na bari a kusanto da shi."

"To wannan ta halarci bukukuwa da yawa. Wa ya kawo kayan gida?"

Muhammadu Lawan mai Keke Napep, wanda ya yi dakon kayan, suka samu a inuwar tasha, yana cin gyaɗa.

"Daga shago sai gidan Alhaji, Yallaɓai. Ko birki ban taka ba."

"Yaushe ka ɗauka?"

"Da hantsi."

"Alhaji ya ce bayan la'asar ka sauke. Daga titi zuwa Dogo Nini, ta Fika ka biyo?"

Gyaɗar ta maƙale masa. Ya yi tari, ya kalli ƙasa.

"Gaskiya an tare ni a hanya. Umara ne, ɗan ƙanwar Alhaji. Ya ce ana fenti a falon, in ajiye a ɗakinsa zuwa yamma. Ya roƙe ni kada in faɗa."

Alhaji ya zaro ido. "Fenti? Rabon falona da fenti tun auren ɗiyata Rauda!"

"Mene ne sana'ar Umara?" in ji Insifekta.

Alhaji ya dubi tsohuwar sifikar. "Saka kiɗa yake a gidajen biki."

A ɗakin Umara ba kowa. Wata maƙwabciya mai suyar awara ta ce ya tafi Fika bikin ɗiyar Hajiya Hajaratu.

"Ai yanzu rububinsa ake. Da, in ya kunna kayansa, yara toshe kunne suke. Kwanan nan kuwa, har ni na ajiye matsami na taka rawa."

Insifekta ya yi murmushi, ya buɗe wa Alhaji da Almustapha ƙofar mota, kofur ya ja su.

Tun kafin su karya kwanar gidan bikin a Fika sautin ya iso musu, garau, kowane bugun ganga daban. Alhaji ya miƙe zaune a kujerar baya.

"Ita ce! Wallahi muryar da aka sace mini ce!"

Ƙofar gidan ta cika da mata cikin anko, ana ta juyi ana guɗa. A ƙarƙashin rumfa, Umara na tsaye bayan teburi, ga tsofaffin akwatunan sifika an lulluɓe fuskarsu da atamfa. Yana hango kawunsa ya nemi sulalewa ta bayan rumfa, ya ci karo da ƙirjin kofur.

"Ina zuwa, Umara? Biki bai tashi ba," in ji Insifekta.

"Ruwa zan sha, Yallaɓai."

"A ina ka samo wannan sauti?"

"Daga Kano na yi oda."

"Me ya sa ka rufe su da zane?"

"Saboda rana."

"A ƙarƙashin rumfa?"

Insifekta ya yaye atamfar. Fuskoki ruwan ɗorawa suka bayyana, suna motsi da kiɗan. Almustapha ya cire tabarau ya share ido.

Umara ya zube a gaban kawunsa.

"Kawu, ka yafe mini. Ni na canja, na sa tsofaffina a akwatunanka. Na ce aro zan yi in mayar kafin ka lura. Da na ga yadda mutane ke rawa, sai na kasa. Tunda na fara sana'ar nan ba a taɓa yaba mini ba sai yanzu."

"Ja'iri! Da ka roƙa ai da na ba ka aro. Ka sa na ja mutumin kirki a titi kamar saniyar sayarwa."

Alhaji ya juya ya kama hannun Almustapha da hannu biyu. "Malam, na zalunce ka. Ranar kasuwa zan tsaya a tsakiyar masu shanu in faɗa wa kowa da bakina."

"Ya wuce, Alhaji. Gobe ni da kaina zan zo in ɗaura maka su."

Kofur ya miƙa hannu zai zare waya. Sai ga Hajiya Hajaratu, uwar amarya, ta ratso taro tana gyara mayafi.

"Haba Yallaɓai! Amarya na tsakiyar fili za ku kashe mana kiɗa? Ka tafi da yaron, amma ka bar mu mu ƙarasa."

Insifekta ya dubi Alhaji. "Kayanka ne."

"A bar su su kwana! Kai Umara, kafin ka tafi, sa mini goge."

Umara ya latsa. Gogen ya tashi, Alhaji ya tattare babbar riga ya faɗa fili, mata suka rangaɗa guɗa, ya jawo Almustapha shi ma. Insifekta ya tsaya a gefe da kofin zoɓo da aka miƙo masa, yana kaɗa ƙafa a hankali.

Da waƙar ta ƙare, ya ajiye kofin ya dafa kafaɗar Umara.

"Mu je ofis, ka maimaita abin da ka faɗa."

Umara ya shiga mota kansa a sunkuye. Kafin su fara tafiya ya ɗago, ya leƙa ta taga wajen rumfar.

"Yallaɓai, amma dai ka ji yadda take fita ko?"

"Na ji," in ji Insifekta, yana dariya. "Kofur, ja mu tafi."