Mota Mai Kujera Biyu

Zulfa na tsakar gida tana tankaɗe garin dawa aka yi sallama a zaure. Tun kafin a ce ga mai sallamar, yayarta Murja ta fashe da dariya, domin rariya ta riga ta suɓuce daga hannun Zulfa.

"Bi a hankali, ba gudu zai yi ba," in ji Murja. "Wanda ya kawo kayan sa rana ai ya ɗaure kansa da kansa."

Zulfa ta harare ta, ta karkaɗe gari daga jikinta, ta zura hijabi ta fita, zuciyarta fari tas.

Suhaibu ne, autan Iya Shatu, ɗan marigayi Alhaji Jafaru mai fataucin shanu. Da uban ya rasu shi ya gaji sana'ar, yana ɗauko shanu daga kasuwar Mai'aduwa yana kai wa kudu, kuma Allah ya buɗa masa da wuri, har buɗin ya ɗan fi shekarunsa. Yana son Zulfa, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ita kuwa ba ta taɓa kallon wani da sunan so ba sai shi. A zaure suke zance, ƙofa a buɗe, don mahaifinta Malam Hamma tun kafin a kafa Hisba a gari ya kafa tasa a gidansa. 'Yarsa ba ta shiga motar saurayi, ba ta raka shi ko nan da bakin titi.

A ranar nan Suhaibu ko zama bai iya yi sosai ba. Ya ciro waya ya miƙa mata, bakinsa har kunne. Ya ce mota zai saya, amma ba irin 'yan Kwatano da wani ya gama mora ba. Motar tsere ce sabuwa dal, wadda ko ƙera ta ba a yi ba tukuna. Alhaji Sada dila, mai ɗan filin sayar da motoci a hanyar Kongolam, shi zai tura oda ta hannun wani babban wakili a Legas, wakilin ya tura wa kamfani a ƙasar waje, sannan a ƙera ta yadda mai ita ya faɗa. Komai ya riga ya zaɓa, abu ɗaya ya rage.

"Kala na bar miki, Zulfa. Wadda kika ce, ita za su fesa."

A hoton motar tana tsaye ta gefe, ƙasa-ƙasa, gilasanta baƙi. Zulfa ta yi ta shafa wayar kaloli na wucewa, har ta tsaya kan shuɗi mai duhu irin na rinin baba. Ta ce wannan. Sannan ta tambaye shi ko Iya ta sani, ya ce sai ta kusa isowa zai faɗa mata, so yake ya ba ta mamaki. Iyakar hannun Zulfa a cikin maganar motar ke nan. Ba ta tambayi kujeru nawa ne a ciki ba, kuma wa ya taɓa yin wannan tambayar a kan mota?

Shi Alhaji Sada mutumin kirki ne, sai dai Allah ya hore masa baki. Tun da ya buɗe filinsa, tsofaffin motoci yake wankewa ya jera a ƙarƙashin rumfar kwano, bai taɓa yin odar sabuwa daga kamfani ba sai wannan karon. Saboda haka duk wanda ya tsaya, ko iskar taya ya zo tambaya, sai ya ji labarin. A cikin cinikin kuma akwai abin da Suhaibu bai faɗa wa kowa ba: ya haɗa da tsohuwar motar mahaifinsa ya ba dila. A gida ya ce ta tafi gyara.

Wata ranar Laraba yayarsa Ikilima za ta wuce a a-daidaita-sahu, sai ta hango motar ubanta a filin Alhaji Sada, an ɗora mata galan a kan rufi, alamar ta sayarwa ce. Ta sa aka tsaya. Alhaji Sada ya tarbe ta da fara'a, ya zayyana mata komai, kuma don ya faranta wa dangin ango rai ya ƙara gishiri.

"Ai Hajiya kun yi dacen suruka mai ido. Amarya ce ta zaɓa da kanta. Kujera biyu ce rak a ciki — ango da amaryarsa, ba na uku."

Ikilima ba ta ko yi masa sallama ba. Kafin la'asar magana ta isa ɗakin Iya Shatu, kuma ta isa da nauyin da ya fi wanda ta taso da shi.

Wannan tsohuwar mota ba ƙarfe ba ce kawai a wurin Iya. A kujerarta ta baya mijinta ya yi shekaru yana kai ta Sandamu ganin 'yan uwa, a cikinta kuma Auta yake kai ta asibiti tun da ciwon gwiwa ya sa ta gaba. Ta sa aka kira shi. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambaye shi ko gaskiya ne yarinyar ce ta sa ya sayar da motar ubansa, ta zaɓo wadda babu wurin uwarsa a ciki.

Suhaibu ya dubi fuskar Iya, ya ga hawaye. Kalma ɗaya ta ishe shi a lokacin. Sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Iya kuwa ta ɗauki shirun a matsayin rufa wa budurwa asiri, abin ya ƙara ƙona mata rai.

"Tun ba ta shigo ba ta sauke ni daga motar ɗana," ta ce. "In ta shigo daga gidan za ta fitar da ni. Auta, in dai ni na haife ka, ka bar maganar auren nan."

Daura ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Cikin 'yan kwanaki matan gidan biki suka raɗa wa Zulfa suna, Mai Kujera Biyu. Murja ce ta dawo da sunan daga wani gidan suna, tana kuka don baƙin ciki. Zulfa ta saurara har ƙarshe, ta kasa gane ko da wa ake. Sai a ranar ta san adadin kujerun motar.

Da Suhaibu ya zo, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ce ya je ya roƙi Alhaji Sada a soke cinikin motar, an buga wa wakilin Legas waya, aka ce kamfani ya riga ya kulle odar, an fara ƙira, ko madubi ba a iya canzawa yanzu. Tsohuwar motar kuma wani mutumin Nijar ya saya, ta tsallake iyaka.

"Ba wannan na tambaye ka ba, Yaya Suhaibu," in ji Zulfa. "Ka faɗa wa Iya cewa kala kawai na zaɓa?"

Ya kau da kai. Ya ce Iya na da hawan jini. In ta ji cewa shi da kansa ya yi, ba wanda ya zuga shi, zuciyarta ba za ta ɗauka ba, kuma yana tsoron bakinta. Ta yi haƙuri, da zarar Iya ta huce zai warware komai.

"Wato ni zan riƙe maka laifin."

"Na ɗan lokaci ne, Zulfa. Wallahi na ɗan lokaci ne."

Ta gyaɗa kai, hawaye na sauka a kan hijabinta. Ba zagin matan gari ne ya karya mata zuciya ba. Abin da ya karya ta shi ne mutumin da ya fi kowa sanin gaskiyarta yana zaune a gabanta yana roƙon ta ci gaba da zama mai laifi.

Murja ta rantse sai ta je gidan Iya ta fasa ƙwai. Zulfa ta riƙe mata mayafi. Ta ce in gaskiya ta fito daga gidansu za a ce sun zo raba ɗa da uwa ne, kuma ita ba wankin Murja take jira ba, nasa take jira. In yana sonta zai faɗa. Haka ta zauna tana jira, duk sallamar da aka yi a zaure sai gabanta ya faɗi.

Ranar da aka sa ta zo ta wuce, ba biki ba dalili. Malam Hamma, wanda ba ya son a wulaƙanta masa 'ya, ya sa aka mayar da kayan sa rana ba tare da ya faɗi baƙar magana ko ɗaya ba. Damina ta sauka, gero ya yi kai, aka yi girbi. Zulfa ta daina zuwa biki, ta koma koyar da yara a Islamiyyar mahaifinta, tana dariya in an yi abin dariya, in ta shiga ɗaki kuma ta kifa fuska a filo. Suhaibu yana turo saƙon gaisuwa ta waya. Maganar da take jira dai ba ta zo ba.

Bayan kaka motar ta iso a bayan tirela, lulluɓe da farin ƙyalle. Rabin unguwa ya taru a filin Alhaji Sada, shi kuwa har da sabuwar babbar riga. Da aka yaye ƙyallen, samari suka sa ihu. Suhaibu ya tuƙo ta a hankali, amma da ya iso lungunsu ta ƙi shiga, don cikinta ya yi ƙasa da yawa, kwatar bakin lungu ta tare ta. Dole ya yi fakin a bakin titi.

Ikilima ta kamo hannun Iya, wai ta zo ta ga aikin surukar da Allah ya raba su da ita. Iya ta dogaro sandarta ta fito. Ta tsaya ta dubi motar, ta zagaya ta gaba, ta dubi dogon hancinta da fitilunta masu kama da idon mage. Sannan ta juyo wurin ɗanta.

"Auta, na san motar nan."

Ta nuna motar da sandarta.

"Ita ce kake zana mini da gawayi a bangon ɗaki kana firamare, ina gogewa kana sakewa. Har dukanka na yi a kanta. Wannan ba sha'awar mace ba ce, taka ce. Dube ni ka faɗa mini, me yarinyar nan ta zaɓa?"

Suhaibu ya durƙusa a gaban jama'a, ya ce fenti ne kawai. Ya ce ko kusa da motar ba ta taɓa zuwa ba, ba ta san da cinikin motar Baba ba, kuma ita ce ma ta fara tambayarsa ko Iya ta sani.

Iya ta runtse ido, ta yi salati. Ta ce sayar da mota laifi ne ƙarami, da ya faɗa da tuni ta yi faɗanta ta gama. Amma ya bari ta ɗauki alhakin 'yar mutane wata da watanni, tana sallah da shi a wuyanta. Da ta ce gidan su Zulfa za ta, Suhaibu ya miƙe zai nemo mata abin hawa, ta ce ya kauce mata. Da ƙafa ta tafi gidan Malam Hamma, tana tafe tana hutawa a jikin katangu.

Zulfa na shara ta ga tsohuwa ta shigo tana haki. Ta yar da tsintsiya, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ta kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Iya ta kama hannunta ta fashe da kuka. Ta nemi gafara, ta ce ta zo da kanta ne ta roƙi a mayar da magana, a ɗaura aure ko a wannan Juma'ar.

Murja da ke bakin ƙofa ta yi murmushi, tana ganin wahala ta ƙare. Zulfa kuwa har a lokacin tana son Suhaibu, kuma ta san tana sonsa, shi ya sa maganar ta yi mata wuyar fita.

"Iya, na yafe miki duniya da lahira. Ke ba ki san ni ba, abin da aka faɗa miki kika ji. Shi ma na yafe masa." Ta share ido. "Amma shi ya san ni, Iya. Kullum ina jira ya faɗa, bai faɗa ba, sai da kika gane da kanki. In na shiga gidansa wata rana aka sake yi mini ƙazafi, ban san wanda zai tsaya mini ba. Ki yi haƙuri, ba zan iya ba."

Iya ba ta matsa mata ba. Ta dafa kanta ta sa mata albarka, ta ce da ita ce ma abin da za ta faɗa ke nan.

Daga ranar nan tsohuwar ta ɗauki aiki. Duk gidan biki ko suna da ta shiga, sai ta tara mata ta faɗa musu gaskiyar abin da ya faru da bakinta, ba ta rage wa ɗanta ko kaɗan ba. Da shekara ta zagayo, Abdulmuhaimin, wani malamin sakandare daga Mashi da ya ji labarin haƙurinta, ya nemi auren Zulfa, ta amince bayan ta yi istihara. Iya Shatu na cikin waɗanda suka raka ta ɗakinta. Mijin mutum ne mai sanyin hali, kuma Zulfa ta sami natsuwa a gidansa, ko da yake ta ɗauki lokaci kafin zuciyarta ta warke.

Suhaibu bai halarci ɗaurin auren ba. Ya shige ɗaki ya rufe, ya yi kukan da ba wanda ya lallashe shi.

Ku 'yan uwana matasa, biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba a yin ta da mutuncin 'yar wani. Wanda ya yi haƙuri da ƙazafi Allah zai wanke shi, ko ta hanyar da bai zata ba. Suhaibu bai taɓa yi wa Zulfa ƙarya ko zagi ba. Shiru kawai ya yi a ranar da take bukatar ya yi magana, kuma shirun nan ne ya raba shi da ita har abada.