Laftof Ɗin Auta

Magariba ta kawo kai, Mai Kemis yana ɗakin karatunsa ƙofa a kulle, lokacin da dutse na farko ya faɗo kan kwano. Matarsa ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne. Na biyu kuwa a tsakiyar falo ya dira, alhali tagogi duk a rufe suke. Da ta taɓa shi, sai ta ji shi da zafi kamar daga murhu aka ciro shi.

Sai an ɗan koma baya. Mutumin nan mai shekara hamsin da uku, mai furfura a gemu, wanda unguwa ke kawo wa ƙarar 'ya'yanta, sati uku ya yi yana zaɓen laftof. Ya gaya wa kowa ta Auta ce, 'yarsa da ke koyon zanen gine-gine a jami'a. Amma tambayoyin da ya riƙa yi wa mai shago, wallahi ba na karatu ba ne. Hoto na sarƙewa in harbi ya yi yawa? Fanka nawa gare ta? Ya kinkimo wata ƙatuwa mai nauyin bulo, madannanta na walƙiya ja da kore, batirinta ba ya kai awa guda. Ina yarinya za ta iya saɓa wannan zuwa aji? Shi ke nan laftof ta zauna a teburinsa. Tsohuwar kwamfutar tebur da ta shekara tara a lungun ɗakin karatunsa, ya ɗauka ya yar a bayan gida, ko bisimilla babu. Kullum in ya taso daga kanti sai ya kulle ƙofa, ya toshe kunnuwa, wai saita wa yarinya ita yake. Nan kuwa gem ɗin yaƙi yake bugawa har salla ta wuce shi.

Jifa ya kwana uku, kullum daidai faɗuwar rana. A rana ta huɗu gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsa ba. Auta tana alwala sai buta ta suɓuce mata, ta zube, jikinta ya sandare. Da ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ce ta fito, a shaƙe, tana kukan an ƙone mata ɗa.

Aka kira Malam, wanda a bayansa Mai Kemis yake salla shekara ashirin. Ya zauna kusa da kanta, ya yi ta karatu a hankali, duhu na shigowa ta ƙofa. Can tsohuwar ta yi magana. Ta ce a cikin tsohuwar kwamfutar suke zaune ita da ɗanta, ba su taɓa cutar da kowa ba. Aka watsar da su. Da suka dawo lungunsu, iskar da sabuwar ke hurawa a bango ta babbake wa yaron ƙafa, ga ƙarar bindiga kowace magariba.

"To me yarinya ta yi miki?" in ji Malam.

"Mai abin nake nema. Kowa a gidan nan ya ce nata ne. Na tambaye ta sau uku kafin in taɓa ta, sau uku ta ce nata ne, ita ke wasa da shi. In ba nata ba ne, mai shi ya faɗa da bakinsa."

Abin kunya ne a faɗa, amma Mai Kemis bai yi magana nan take ba. Ya tsaya jikin bango yana kallon ƙasa, zufa na tsiyaya, 'yarsa na murƙususu a gabansa, shi kuma yana tunanin girmansa. Matarsa ta ɗago ta dube shi. Wannan kallon ne ya durƙusar da shi.

"Allah gafarta Malam, tawa ce," ya ce. "Don kaina na zaɓe ta. Auta ko kunna ta ba ta taɓa yi ba."

Malam bai dube shi ba, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo. Ya juya ga tsohuwar. Ta nemi ƙafar mutumin a madadin ta ɗanta, Malam ya ce ba za a yi haka ba. Aka yi ta ja, har ta yarda a mayar mata da gidanta lungunsa, a fitar da mai zafin daga ɗakin, kada kuma ta sake jin harbi da magariba. Ya sa ta rantse. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Da ta buɗe ido, ta ga Malam, ta ga uwarta na hawaye, ta ga ubanta a durƙushe. Ba ta san abin da aka riga aka faɗa ba. Ta yunƙura da ƙyar, ta jawo mayafi ta rufe kanta.

"Malam, Baba ba ruwansa," ta ce. "Tawa ce. Ni ce ba na jin magana."

Mai Kemis ya kifa fuskarsa a tafin hannu, ya kasa ɗagowa.