Hanyar Gidan su Damaris

A wata makarantar firamare a Kagoro, can gindin dutse, akwai wani yaro ɗan aji biyar da bai taɓa yarda cewa bai san abu ba. Ka tambaye shi nisan Zonkwa, zai faɗa maka. Ka tambaye shi abin da ya hana babur tashi, zai yi maka bayani, alhali ko keke bai iya ba.

A wannan shekara aka kawo musu sabuwar malamar Turanci, sunanta Malama Emilia. Daga ƙasar Kenya ta zo, aikin sa-kai take yi. Tana zaune a wani ɗan ɗaki bayan coci. Da safe takan ɗebo ruwa a rijiya tare da matan unguwa. Ranar kasuwa takan hau bas zuwa Kafanchan. Da yake kamarta ɗaya da mutanen gari, masu tumatir sukan yi ta zuba mata Hausa. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Ban sani ba. Ku koya mini."

Wannan ce Hausar da ta fara iyawa, kuma ba ta jin kunyar faɗin ta ko a gaban yara. Yaron yana son malamar, amma abin yana ba shi mamaki. Malama guda ta ce ba ta sani ba? Shi kam bakinsa ba zai iya ba.

Malama Emilia tana da wata al'ada. Duk ɗalibin da ya daina zuwa makaranta, sai ta bi shi har gida. To, akwai wata yarinya a ajin mai suna Damaris da ta kwana biyu ba a gan ta ba. Gidansu yana wani ƙauye a ƙetaren rafi.

Ranar Juma'a da aka tashi, Malama ta tambaya ko akwai wanda ya san gidan. Kafin kowa ya motsa, hannun yaron yana sama. Gaskiyar magana, sau ɗaya ya taɓa zuwa ƙauyen. Lokacin yana ƙarami ne, da rani, a bayan babur ɗin kawunsa.

Suka biya ta gidansu don ya faɗa wa mamarsa.

"Ka tabbata ka san hanya?" in ji Mama.

"Mama, ko da ido rufe zan je," in ji shi.

Suka kama hanya. Malama tana riƙe da ledar lemo da za ta kai wa Damaris. Damina ta yi nisa, ciyawa ta fi yaron tsawo. Gonakin citta kuma duk kamarsu ɗaya. Da suka zo inda hanya ta rabu biyu, gabansa ya faɗi. Amma ya daure ya nuna hagu kamar kullum nan yake bi.

Suka wuce wani tsoho yana cire ciyawa a gonarsa. Malama ta ce ko su tambaye shi. Yaron ya ce ba sai sun tambaya ba, ai sun kusa.

Can sai ga rafi a gabansu. An yi ruwa a kan dutse da safe, rafin ya cika ya yi ja, yana gudu da ƙara.

"A nan ake tsallakawa?" in ji Malama.

"E, Malama," in ji yaron, muryarsa ƙasa ƙasa.

Malama ta cire takalmanta ta sa a leda. Ta tattare siket ɗinta, ta miƙa masa hannu.

"Kai ne jagora," ta ce. "Na yarda da kai."

Ta sa ƙafa ɗaya a ruwa. Daidai nan wani ƙaton reshe ya zo wucewa. Ruwan ya juya shi, ya haɗiye shi, ba a ƙara ganin sa ba. Tsoro ya kama yaron sosai. Ya ga cewa idan ya ci gaba da yin shiru, ruwan nan zai tafi da malamarsa, kuma ƙaryarsa ce ta jawo.

Ya riƙe hannunta da hannu biyu ya ja ta baya.

"Malama, kada ki shiga," ya ce, hawaye na zuba. "Ban san hanya ba. Tun can baya ban sani ba."

Malama ta zauna a kan dutse. Ta goge ƙafarta. Sannan ta sa takalmanta.

"Ka yi laifi," ta ce. "Amma na gode da ka faɗa yanzu. Tashi mu je mu yi tambaya."

Suka koma wurin tsohon nan, Baba Gershon. Malama ta tsaya gefe, ta bar yaron ya yi magana da bakinsa.

"Baba, sannu da aiki. Mun ɓata. Ban san hanyar gidan su Damaris ba."

Da tsohon ya ji inda suka so tsallakawa, sai ya ajiye fartanya ya riƙe baki. Ya ce ko manya ba sa shiga wurin nan da damina, akwai rami mai zurfi a tsakiya. Ya ce ai da hannun dama suka bi a inda hanya ta rabu, da sun ga gada. Ya raka su da kansa har bakin gadar.

Suka sami Damaris zaune a tsakar gida. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, amma ta samu sauƙi. Da ta ga malamarta, daɗi ya rufe ta. Mamarta ta gasa musu masara. Yaron bai taɓa cin masarar da ta yi masa daɗi haka ba. Kafin rana ta faɗi, yayan Damaris ya mayar da su gida a babur.

A gida yaron bai ɓoye komai ba. Mama ta dafa ƙirji ta zauna.

"Mun gode wa Ubangiji," ta ce. Ta jawo shi ta rungume, sannan ta ja masa kunne da kyau.

Baban yaron ya ce babu ƙwallo ranar Asabar. Ya kuma kai shi ɗakin Malama, ya sa ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Malama ta yafe masa.

Ranar Litinin, Malama ta rubuta wata sabuwar kalma a allo. Ta tambayi aji ma'anarta. Kowa ya juya yana kallon yaron, don an saba shi ne sarkin amsa. Ya miƙe a hankali.

"Ban sani ba, Malama," ya ce. "Ki koya mini."

Aji ya fashe da dariya. Malama ma ta yi murmushi, ta ce wannan ce amsa mafi kyau da ta ji a ranar. Yaron ya zauna, ya ji zuciyarsa wasai, kamar an sauke masa kaya daga ka.

Daga ranar ya gane cewa rashin sani ba abin kunya ba ne. Abin kunya, kuma abin haɗari, shi ne ka ce ka sani alhali ba ka sani ba. Idan ba ka sani ba, ka faɗa, ka yi tambaya.